Abin da Ya Sa Na Saki Kififiyar Jiya

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar da kififiyar da ta faɗa tarunmu jiya cikin ruwa, alhali akwai masu sayenta a kasuwar Yauri. Na ga ranka ya ɓaci. Zauna ka ji.

Mace ce, kuma tana ɗauke da ƙwai. Wutsiyarta gajera ce, ta namiji ta fi tsawo da kauri. Da na sa yatsa a kwarmin da ke gaban ƙafarta ta baya, sai na ji ƙwan a jere. Idan ruwa ya ja baya, yashi ya fito, takan hau tudu ta tona rami ta zuba ƙwai talatin ko fiye, farare, kewayayyu, ta rufe ta koma ruwa. Sai sun yi wata biyu da 'yan kwanaki kafin su ƙyanƙyashe. A tsakanin nan guza na tono, yara na tono. 'Yan kaɗan da suka fito kuma, tsuntsaye da manyan kifaye na jiransu. Wadda ta tsira har ta kai girman ta jiya, ta ci shekaru masu yawa. Ka yanka ta, ba ɗaya ka yanka ba.

Ka lura ba irin kunkurun tudu ba ce. Bayanta shimfiɗaɗɗe ne, da fata mai laushi, hancinta kamar ɗan bututu, farce uku a kowace ƙafa. Ƙananansu na da ɗigo-ɗigo masu haske da kan dushe idan sun tsufa. Tana binne kanta cikin yashi ko laka, ta jira kifi, kwaɗo, ƙaguwa ko dodon koɗi, mushe ma ba ta bari. Shi ya sa nake ce maka tana share mana ruwa. Kuma kada ka yi wasa da wuyan nan, yana miƙewa fiye da zatonka, cizonta kan yi mummunan rauni. Daga can baya ake riƙe ta.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce kafin a gama madatsar Kainji a 1968, tudun yashin kogin Kwara cike suke da sawunsu. Tafki ya shanye da yawan wuraren nan, taru mai ƙananan ido ya yawaita, mamari ma, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, na kama su. Ni da na tashi ina ganinsu kowane mako, yanzu sai in yi wata ban ga babba ba. Abin na ci mini rai.

Tana jure zama ƙarƙashin ruwa, amma idan ta daɗe a sarƙe cikin taru, mutuwa take yi. Don haka gobe da asuba za mu duba namu, kada mu bari rana ta yi. In ka ga sawu ya hau tudu ya sauko, ka share shi da ganye, kada ka nuna wa kowa wurin.