An kama ƙanena da tuƙi cikin maye, ya amsa laifi ko ya jira lauya?

Tambaya daga Gusau: Barista, jami'an kiyaye haɗurra sun tare ƙanena a hanyar Tsafe, suka ce ya sha giya yana tuƙi, suka miƙa shi ga 'yan sanda. Ana ba mu shawarar ya amsa laifi a wuce wurin. Me ka gani?

Malam, kada ya amsa komai tukuna sai an san kotun da za a kai shi da abin da aka rubuta a takardar tuhuma. A Zamfara wannan lamari laifi biyu ne, kuma hukuncinsu ya sha bamban.

Na farko laifin hanya ne. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta tanadi tarar naira 5,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun, ga wanda ya yi tuƙi da barasa a jininsa fiye da giram 0.5 a kowace lita. Idan an yi asarar rai saboda tuƙin ganganci, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 7. Na biyu shi ne shan giyar kansa. Tun shekarar 2000 dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci ke aiki a jihar, kuma Musulmin da aka tabbatar ya sha abin maye da gangan bulala 80 ne haddinsa. Haddi ba a cinikinsa. Mai gabatar da ƙara ba shi da ikon rage shi, alƙali ma haka. Saboda haka kalmar “na sha” da mutum zai faɗa don a sallame shi da wuri tana iya zama iƙirarin da za a yanke masa hukunci da shi.

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi 'yancin yin shiru har sai ya gana da lauya. Sashen ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Kada ya sa hannu ko ya dangwala a kan bayanin da aka rubuta da Turanci ba a karanta masa da Hausa ba. Nan ne yawancin mutane suke ɗaure kansu. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Ka tanadi mai tsaya masa da katin shaida da tabbataccen adireshi.

Idan babu halin ɗaukar lauya, ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke Gusau, ko reshen ƙungiyar lauyoyi. Idan kuwa za ku biya, a rubuta kuɗin aikin da iyakarsa tun farko, kuma ku karɓi rasit.

Aikin lauyan na farko shi ne auna hujjar masu ƙara. An sa shi ya hura na'urar gwajin numfashi? Wane adadi ta nuna, da ƙarfe nawa, wa ya riƙe ta, an rubuta sakamakon? An ɗebi jini a asibiti? A kotun majistare, jin wari kaɗai ba ya nuna yawan barasar da ke jini. A kotun Shari'a kuwa, mazhabar Malikiyya tana karɓar shaidar adilai biyu da suka ji warin giya a bakinsa. Ka ga abin da ya yi rauni a can yana da ƙarfi a nan.

Idan hujjar tana da ƙarfi kuma tuhumar ta hanya ce, sai a nemi yarjejeniyar amsa laifi don samun sassauci. Sashe na 270 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ya tsara ta, jihohi kuma suna da tasu dokar makamanciyarta. Lauya zai zauna da mai gabatar da ƙara, ya nemi a janye tuhuma mai nauyi a bar mai sauƙi, ko a amince da tara maimakon gidan yari. Abin da ke taimakawa shi ne laifin farko ne, lasisi da inshorar mota suna aiki, kuma an biya gyaran abin da aka lalata da kuɗin asibitin wanda ya ji rauni. Dole yarjejeniyar ta kasance a rubuce da sa hannun kowane ɓangare. Alkawarin baki a bakin ƙofar kotu ba ya ɗaure kowa, kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai “ga alƙali”, laifin cin hanci yake jawo muku.

Alƙali ba ya shiga tattaunawar. Zai tambayi ƙanenka ko da yardarsa ya amsa kuma ya fahimci sakamakon. A tsarin dokar tarayya, idan alƙalin ya ga hukuncin ya yi sauƙi da yawa, zai sanar da shi, shi kuma yana iya janye amsarsa a soma shari'ar a gaban wani alƙalin.

Ku sani, tara komai ƙanƙantarta hukunci ce da za ta zauna a sunansa, tana iya taɓa lasisinsa da neman aikin gwamnati, kuma ɗaukaka ƙara bayan amsa laifi yana da wuya. Kafin ranar zama, ya faɗa wa lauyansa gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha. Sirri ne da doka ta kare. Kai kuma ka karɓe makullin motar har a gama shari'ar.