Tambaya da Amsa: Gem ya ƙi tashi a Linux

Tambaya: Salam Malam. Na goge Windows na sa Linux Mint a laptop ɗina, yanzu gem ɗina duk sun ƙi buɗewa, masu gem ɗin kuma sun ce ba ruwansu da Linux. Mi ya kamata in yi? Daga wani ɗalibi a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanena, kar ka koma Windows tukuna. Ka sauke Steam, manhajar saye da buga gem, ka shiga saitinsa ka tabbatar Proton na kunne, wato abin da ke sa gem ɗin Windows ya tashi a Linux, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2018, an gina shi ne a kan Wine, manhajar da ke gudanar da manhajojin Windows a Linux, kuma shi ke fassara umarnin DirectX, tsarin zana hoton gem na Windows, zuwa Vulkan yadda Linux zai gane, shi ya sa dole direban katin hotonka, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya zama sabo, musamman in katin na kamfanin Nvidia ne, nan mutane suka fi faɗuwa wallahi. Kafin ka ƙona data ka duba sunan gem ɗin a ProtonDB, shafin da mutane ke faɗin ko gem na aiki da Proton. Wanda ba na Steam ba kuma ka gwada Lutris, wata manhajar buɗe gem a Linux.

Amma Valorant da Fortnite ka haƙura, manhajarsu ta hana maguɗi ba ta yarda da Linux. Kuma da zafin Sakkwato ɗin nan, ka ɗaga laptop ɗin daga kan katifa ya sha iska.