Ta yaya ake sanin ɓera ya bugu da ƙwaya?

Tambaya daga wani ɗalibin haɗa magunguna a Samaru: Malam, ana cewa ketamin da LSD duk suna sa mutum ganin abin da babu, to ɓera da ba ya magana ta ina kuke gane abin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa? Kuma aikinsu ɗaya ne?

Amsa: Ɗana aikinsu ba ɗaya ba ne sam, ko ƙofar da suke shiga daban take. Ketamin, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1962 kuma har gobe ana bacci da shi a tiyata da wajen likitocin dabbobi, shi toshe hanya yake yi. Akwai wata makarɓa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA, sinadarin gulutamet ke buɗe ta, sai ketamin ya shige cikin ramin ya zauna kamar an cusa tsumma a bakin famfo. Idan ka yi wa ɓera allura kaɗan ka sa shi a akwati zaka ga ya kasa zama, yana ta zagaye bango yana tangaɗi, kansa na lilo hagu da dama, ƙafafun baya na zamewa, in ka ƙara masa sai ya kife gaba ɗaya. Wasu ƙwayoyi 'yan'uwan ketamin, PCP da MK-801, ma haka suke yi, har ma sun fi.

LSD da silosaibin da ake samu a wata irin laimar kwaɗi kuwa kunnawa suke, makarɓar sinadarin ƙwaƙwalwa sirotonin mai suna 5-HT2A suke taɓawa. Nan abin yake burge ni wallahi. Ɓeran yana zaune lafiya lau sai ka ga kai ya yi fir, wata girgiza mai sauri kamar kare ya fito daga ruwa amma kai kaɗai, in ka ƙifta ido ta wuce ka, shi ya sa muke ɗauka a bidiyo mu dawo mu ƙirga ɗaya bayan ɗaya. In ka fara ba shi ketanserin mai tare wannan makarɓar girgizar ɓacewa take, ɓeran da aka cire masa ita tun daga halitta ma ba ya yi. Ga kuma wani magani, lisurid, yana hawa makarɓar amma ba ya sa mutum gane-gane, ɓera ma ba ya girgiza masa kai, kaga kenan ma'aunin ba na banza ba ne.

Amma kar ka rubuta a furojet ɗinka cewa ɓera ya ga aljanu, motsi muka auna ba abin da ya gani ba. Kuma ka sani a 1989 wani mai bincike, John Olney, ya nuna irin su MK-801 da PCP na ɓata ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera a wasu wurare, wannan ne ke tsaya min a rai in na ji yaranmu na wasa da ketamin.