Kuɗi ko buhun hatsi ga 'yan gudun hijira?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko taimakon da ƙasashen waje ke kawo wa mutanen da tashin hankali ya kora daga garuruwansu a jihar Tahoua gara ya zo a kuɗi ko a buhu. Kuɗi ya fi, muddin kasuwa tana ci. Na ga mace ta karɓi shinkafar tallafi, ta sayar da rabi a karye saboda jinjirinta na buƙatar magani, ga bashin mai kanti. Da kuɗi aka damƙa mata, da ba ta yi wannan asara ba, kuma mai hatsin garin ya samu ciniki.

Amma kafin a raba, a tambayi mai gari da 'yan kasuwa ko motocin kaya na shigowa. A wajajen Tillia, cikin jihar ta Tahoua, inda aka kashe mutum 137 a watan Maris na 2021, akwai ƙauyukan da fatake ke tsoron bin hanyarsu. Nan idan ka zuba kuɗi, farashin tiyar hatsi kawai za ka ɗaga, wanda ba ya cikin rajistar masu karɓar tallafi ya ƙara shiga uku. Irin wannan wuri abinci za a kai, tun kafin damina ta ɓata hanya.