Amsa ga ƙanenmu mai shirin tafiya Gwanzo neman aiki

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai da na rufe shago yau don in samu natsuwar ba ka amsa. Ka ce shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasa ba aiki, wani ejan ya yi maka alkawarin bizar kasuwanci zuwa ƙasar Sin, wai da ka sauka Gwanzo aiki na jiranka a kamfanin tura kaya, kuma kana shirin sayar da filin da ka gada a Tumfure ta nan Gombe ka biya shi. Ni daga 2014 zuwa ƙarshen 2020 a birnin nan nake, kuma aikin da ake kwaɗaita maka shi na yi. Don girman Allah kada ka sayar da filin nan.

Bizar da ya ambata ba ta aiki ba ce. Sinawa da haruffa suka raba bizarsu: M ta kasuwanci, L ta yawon buɗe ido, X ta karatu, Z ta aiki. Mai M baƙo ne da ya zo sayayya, galibi kwana 30 ake ba shi, ya ɗauki kayansa ya koma. Dokarsu ta shige da fice da ta fara aiki a watan Yulin 2013 ta ce wanda ya zarce wa'adi za a ci shi tarar yuwan (kuɗin Sin) 500 kowace rana har ta kai 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Wanda aka kama yana aiki ba izini kuwa tararsa daga yuwan 5,000 ce zuwa 20,000. Ko ɗaki ka kama, dole cikin awa 24 ka je ofishin 'yan sandan unguwa a yi maka rajistar masauki. Ita Z kamfanin da zai ɗauke ka ne yake nemo izininta tun kana gida. To in da gaske aiki na jiranka, me ya hana su nemo maka ita?

Ni ba ejan ne ya kai ni ba. Shekara biyar na yi ina yaron shago wurin maigidana, mai sayar da tayil da kayan banɗaki a nan Gombe, sannan ya ce in raka shi. Muka bi ta Abuja zuwa Adis Ababa, daga can sama da awa goma a jirgi. Abin da ya fara dukana da muka fito daga filin jirgin Baiyun shi ne iskar garin. Mu da muka saba da busasshen zafi, can zafi ne mai laima, kamar an lulluɓa maka jiƙaƙƙen bargo. Wajen watan Maris har bangon ɗaki gumi yake yi, ka shanya riga kwana uku ba ta bushe ba. Muka sauka a unguwar Shawbe, inda Musulmin Afirka suka fi taruwa. A kan gadar masu tafiya da ƙafa ta kusa da ginin Tiyanshu na ji wani yana waya da Hausar Damagaram, na tsaya ina kallonsa kamar na ga ɗan ɗakinmu. 'Yan'uwanmu Ibo su sun fi yawa a Sanyuwanli, wajen kasuwannin tufafi da takalma.

Alhaji maigidana, Allah Ya saka masa da alheri, ya hango abin da ban hango ba. Ya ce zamana ba shi da amfani in ban ji harshen ba, ya biya mini shekara guda a ajin koyon Sinanci da bizar karatu. Sai bayan nan wani kamfanin tura kaya ya nemo mini izinin aiki, shi ma don sun san akwai 'yan kasuwan Gombe da Kano da kayansu za su riƙa bi ta hannuna. Amanar mutanen gida ce jarina. Wanda ya zo hannu rabbana, ba harshe, ba mai aiko masa da oda, ba abin da Basine zai yi da shi, don masu ɗaukar kwali sun yi musu yawa.

Shi aikin kansa ga yadda yake. Ɗan kasuwa ya turo hoton abin da yake so. Tayil da kujeru ka nufi garin Foshan, waya da kayan lantarki garin Shenjen, ƙananan kayan koli kuwa garin Iwu, ita tafiya ce mai nisa. Ka zaɓi samfur, a yi ciniki da kalkuleta, kowa ya danna nasa farashin ya miƙa wa ɗan'uwansa, a ba da kafin alƙalami, sai an gama haɗa kaya a cika kuɗi. Ranar lodi kana tsaye bakin kwantena da takarda da biro kana ƙirga kwali ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har ƙarfe biyun dare. Daga nan kaya su yi wata ɗaya da rabi ko fiye a teku kafin su iso Legas, a yi fito, tirela ta kamo hanyar Arewa. Watan Afrilu da Oktoba, lokacin babban baje kolin Gwanzo da ake kira na Kanton, ba ma barci, ga baƙi ga tsadar masauki. Sabuwar shekarar Sinawa kuma masana'antu rufewa suke yi makonni, wanda bai yi lodi kafin nan ba sai dai haƙuri.

A 2016 na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Na loda wa wani dattijo kwantenar tayil, ranar ana ruwa, ga gajiya, na buɗe kwali biyar na gaba na ga daidai, ban duba lambar gasawa da ke jikin sauran ba. Shi tayil, ko zanensa ɗaya ne, in ba tare aka gasa shi ba kalar tana ɗan bambanta. Sai da aka shimfiɗa a falon wani gida a Gombe aka ga rabi fari tas, rabi ya ja ruwan madara. Kuma shekarar ce naira ta faɗi, dalar da hukuma ke sayarwa 197 ta haura 280 a watan Yuni, a kasuwar bayan fage kuwa ba a magana. Dattijon nan bai zage ni ba, ya dai ce, "Yaro, na ɗauka idonka idona ne." Wata tara ina yankar albashina ina tura masa har na biya rabin asarar, ya yafe sauran. Har gobe abokin cinikina ne.

Abinci bai zame mana matsala ba kamar yadda ake zato. Kusan kowane layi akwai shagon taliyar Musulmin Sin mai koren allo, za ka ga mutum da farar hula yana jan ƙullin fulawa da hannu biyu, ya ninka ya sake ja, har ya zama silili, ya jefa a romon naman sa. Sai dai ran da aka ce wani ya iso daga gida da kuka da daddawa da yaji, ɗakinsa cika yake yi. Juma'a muna zuwa masallacin da Musulmin can ke dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har da kabarin da suke cewa nasa ne, ko da yake abin da muka karanta wurin malamanmu shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Sahu ɗaya ka ga Basine, Balarabe, ɗan Pakistan, ɗan Mali. Wannan yana cikin abin da nake kewa.

A ƙofar masallacin nan ne aka taɓa ja ni gefe aka ce akwai wani yaro ɗan wajenmu ba shi da lafiya. Muka same shi a wani lungu da rana ba ta shiga, su huɗu a ɗaki ɗaya, katifu a ƙasa, taga a rufe da kwali. Da bizar M ya zo, irin wadda ake shirin yi maka, ejan ya karɓe shi a filin jirgi, bayan kwana uku wayarsa ta daina shiga. Wata goma sha ɗaya yana ɓuya. Ba ya fita sai dare, ya yi wa wani dakon kaya a ba shi na abinci. In ya ji an ƙwanƙwasa ƙofa jikinsa rawa yake yi. Zazzaɓi ya kwantar da shi amma yana tsoron asibiti, don za a nemi fasfo. Da na tambaye shi me ya hana shi gaya wa gida, sai ya ce gonar babansa aka sayar, da wane ido zai kalle su. Juma'a uku muna karo-karo kafin tarar yuwan 10,000 da kuɗin tikiti suka haɗu, muka raka shi ya miƙa kansa. Ya dawo gida da leda ɗaya a hannu.

Ko mai cikakkiyar takarda yana da nasa. Awa bakwai ke tsakaninmu da gida, ana kiran asuba a Gombe mu rana ta take. WhatsApp da Facebook a toshe suke, sai na sa aka saka wa ƙanwata WeChat don in riƙa ganin fuskar Inna. Ina cikin sito a Foshan aka kira ni aka ce ta cika. Kafin in koma ɗaki an kai ta makwancinta. Sai watan Afrilun 2020, lokacin korona, da aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal a Gwanzo, har shugaban majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zauna da jakadan Sin a Abuja kan maganar. Ni mai gidan da na yi shekara huɗu ina biyansa haya ba fashi ya ce in tattara kayana. Wani abokin aikina Basine ne ya tsaya mini har na samu wurin kwana, ba zan manta masa ba. Ƙarshen shekarar na dawo, na buɗe shagona da abin da na tara.

In zuciyarka na kan Sin, ga abin da zan ce ka yi. Ka tambayi ejan ɗin sunan kamfanin da takardar izinin aiki mai ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, ka ga ko zai sake ɗaga wayarka. Tunda kana da digiri, ka nemi tallafin karatu na gwamnatin Sin, ana cikewa ta intanet kusan farkon kowace shekara, ka shiga da X ka koyi harshe. Ko kuma ka samu wani babban ɗan kasuwa a Babbar Kasuwar Gombe mai sayo kaya daga can, ka zauna ƙarƙashinsa shekara biyu ka san kaya, ya san halinka. Ka kuma nuna wa mahaifiyarka ko babban yayanka wannan amsa kafin ka sake magana da dillalin fili. In kana son ganin yadda takardar izinin aiki ta gaskiya take, tawa tana nan a ajiye, ka yi mini magana ta akwatin saƙo mu haɗu bayan la'asar in nuna maka.