Tarayya, ƙawance da cin gashin kai: amsoshin masu karatu

Tambaya: Malam, ina rubuta darasi kan tarihin Amurka. Zaman da jihohi 13 suka ƙulla a 1781 da wanda aka tsara a Filadelfiya a 1787, duka tarayya zan kira su?

Amsa: A'a ɗan'uwa, ka raba su. Tarayya tana sahun kalmomi masu ɗafin -ayya, irin su soyayya, jayayya da cinikayya, wato abin da ke gudana tsakanin ɓangarori. In aka ce 'yan'uwa sun yi tarayya a gona, gonar ɗaya ce, ba mai sayar da ita shi kaɗai. Ƙawance kuwa kowa da gidansa, alkawari ne kawai ya haɗa su.

Zaman 1781 ƙawance ne. Majalisar ƙasa ba ta da ikon ɗora haraji, sai dai ta roƙi jihohi. Kowace jiha ƙuri'a ɗaya, kuma ba a gyara yarjejeniyar sai duka 13 sun yarda. Shi ya sa da Rhode Island ta ƙi amincewa da harajin kashi 5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su a 1782, shirin ya mutu. Kundin tsarin mulki na 1787 ne ya ba gwamnatin tsakiya ikon karɓar haraji da tsara cinikayya tsakanin jihohi, dokarta ta hau kan mutum ba sai da izinin jiharsa ba. Wannan shi ne tarayya.

Tambaya: Gashin da ke cikin "cin gashin kai", suma ake nufi? Kuma ya dace da abin da jihohin suka nema?

Amsa: Ba suma ba ce. Daga gasawa ne, shi ya sa ba a jan wasalin farko: mutum ya gasa abinsa ya ci, ba mai yanka masa rabo. Amma ka yi hattara, kalmar ta fi ƙarfin abin da jihohin suka samu. George Mason, wakilin jihar Virginia, ya ƙi sa hannu a kundin, ɗan siyasa Patrick Henry ya yaƙi kundin a Virginia, suna tsoron tsakiya ta haɗiye jihohi. Abin da aka ba jihohi shi ne gyara na 10 da aka yi wa kundin a 1791: ikon da kundin bai ba tarayya ba, bai kuma hana jihohi ba, na jihohi ne ko na jama'a. A shekarar ministoci biyu, Hamilton mai son tsakiya ta yi ƙarfi da Jefferson mai kare ikon jihohi, suka yi jayayya kan kafa bankin ƙasa, a 1819 kuma Kotun Ƙoli ƙarƙashin babban alƙalinta John Marshall ta hana jihar Maryland ɗora wa banki irinsa haraji. Saboda haka ka rubuta "ikon da ya rage a hannun jihohi".

Tambaya: Zan iya sa "tsintsiya maɗaurinki ɗaya" a kan darasin?

Amsa: In bakin Hamilton kake ara, ta dace. In ɓangarorin biyu kake bayani, ka bar ta, domin ta riga ta ɗauki gefe: rigimar duka a kan wanda zai riƙe maɗaurin aka yi ta.