Amsa: Yaya zan gane ko mafarkina daga Allah ne?

Ɗan'uwa, ka ce tun zuwanka Jidda aiki kake mafarkin wani mai fararen kaya yana cewa ka daina addu'a, ai an riga an yafe maka. Kada farin kayan ya ruɗe ka. Bulus ya faɗa a 2 Korantiyawa 11:14 cewa Shaiɗan yakan rikiɗa ya zo kamar mala'ikan haske. Ko da ya jarabci Yesu bayan azumin kwana 40, Zabura 91 ya jawo masa, ya murɗe ma'anarta. Yesu kuwa sau uku da Nassi ya mayar masa.

Duk ruhun da ya hana ka addu'a, ni dai ban yarda da shi ba. Na san zaman can akwai kaɗaici, ba coci. Ka buga wa fastonka na gida waya yau, ku yi addu'a tare.